Na'urar da Ba Ta Ƙara

"Ni dai na ce na'urar nan a mace take, baiwar Allah."

Wani tsohon makanike ne da wata mai ɗinki, a bencin jira na sashen gashin ƙashi. Ina gefensu.

"Haba Baba, wa ya ce maka?"

"Kunnena. Sun shafa mini magani a gwiwa, suna ta goga ƙarfe, wai sauti ne zai tura shi ciki. Ko ƙus ban ji ba. Na tsufa a cikin injuna, injin da ya yi shiru ya mutu."

"Ai sautin ya fi ƙarfin kunne. Ma'aikaciyar ta ce girgiza fata yake yi, ta ɗan saki, maganin ya samu hanya. Wuyan hannuna ake yi wa, har na koma kan keke."

"Ke yarinya ce, ko ruwa aka shafa miki warkewa za ki yi. Yau zan ce su yi mini allura, in ji zafi, in san an yi aiki. In sun ƙi, na daina zuwa."

"Zafin kake nema ko sauƙin?"

Ya yi dariya, ya miƙe ƙafar, ya naɗe ta ba tare da ya lura ba. "Sauƙin ne ban gani ba."

Ta dubi ƙafar, ta leƙa ƙarƙashin bencin.

"To Baba, ina sandar da na gan ka da ita wancan makon?"