Ku Bar Ja'afaru Ya Kwanta

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Zailani, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan kasuwar Bodija da Shasha, jama'ar Sabo baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake ban iya magana a taro ba, kuma abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne.

Kun san yayana Ja'afaru mai albasa. An duba masa zuciya a asibiti, aka zura siririyar roba ta jijiyar jini a gindin cinyarsa. Da za a sallame shi likita ta ce, "Baba, ramin bai gama rufewa ba. Ban da tsuguno, ban da yawan tashi."

Muka iso gida, dubiya ta fara. Malam ya shigo, Ja'afaru ya sauko ya durƙusa. Dattijo ya shigo, ya sake durƙusawa. Wanda ya tashi tafiya, ya raka shi bakin titi ya tare masa keke. Na ce a bar shi ya kwanta, aka ce, "Kai Usama, yaushe ka zama likita?" Kowa ya ga yana cije leɓe, ba wanda ya ce masa zauna.

Wurin ya kumbura, yana bugawa kamar zuciya. Wata ta kawo ruwan zafi a gasa, wani ya aika a kira wanzami. Da ƙahon nan ya hau, da yau zaman makoki muke.

Muka mayar da shi asibiti. Ba su yanka shi ba. Likitar ta ɗora na'urar hoto a kan kumburin, ta danne da ƙarfinta, shi yana salati, har jinin ya daskare ya toshe ramin. Wataƙila ban fahimci bayaninta duka ba, amma wannan na ji da kyau: in ya sake buɗewa, sai wuƙa, kuma zuciyarsa ba lallai ta ɗauka ba.

Gobe zai dawo. Ja'afaru ba zai iya ganin babba ya shigo, shi ya ci gaba da kwanciya ba, kun san shi. Don haka kada ku zo. Ni zan zauna a ƙofa, in karɓi gaisuwa, in mayar da kowa, har kai Alhaji. Wanda zai yi fushi, ya yi da ni.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana kasuwa, ya mayar da kowa gida lafiya. Na gode.