Ba Giya Ce Ta Kashe Malam Philip Yamusa Ba

Jawabin Aminatu Maude a madadin ɗaliban marigayin, a harabar asibitinmu da ke kusa da Sheda.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Fasto Enoch, Malam Liman, likita da sistoci, barkanku da zuwa. Baƙinmu daga hukumar da ke riƙe da asibitin nan, waɗanda aka ba kujerun gaba, mun ga zuwanku. Ardo Hammawa da mutanen ruga, dangi da kuka tako tun daga Utako da Nyanya, sannunku da hanya. Mama Lydia, Solomon, Hannah, sannunmu da wannan babban rashi.

Ni ce Aminatu Maude. Ina cikin rukunin farko da Malam Philip ya koya wa aikin ɗakin gwaji, inda ake auna jini da fitsari don a gane cutar majinyaci. An ce in yi gajeren jawabi mai sanyaya zuciya. Manya, ku gafarce ni. Zuciyata ba ta yi sanyi ba, kuma ba zan ari sanyin da ba ni da shi ba.

Ya kasance malamin da ba ya yarda ka taɓa jinin mutum sai ka san jikin da jinin ya fito. Mun zo muna ɗokin leƙa madubin likita, ya ce mu dakata, wannan sai baɗi. Shekarar farko sassan jiki za mu koya, da yadda suke aiki, da kemistiri. Hukuma ba ta aiko mana da ƙwarangwal ba, ko hoton bango babu. Sai ya tafi ruga. Ardo yana nan zaune, shi ne shaida. Duk ranar da za a yanka dabba, Malam zai kwashe mu da safe mu tsaya a kan mahauci. Ya ɗago huhu ya hura shi da kara har ya kumbura, ya ce, "Haka naku yake yi yanzu da kuke toshe hanci." Ya tsaga ƙoda ya nuna mana inda fitsari ke taruwa. Ranar da Rosemary 'yar ajinmu ta ga zuciya a tafin hannunsa ta yanke jiki ta faɗi, da ta farfaɗo bai yi mata dariya ba. Tambayarta ya yi, "To, me ya sa na ɗaga ƙafafunki sama? Ina jinin ya gudu?" Ta amsa daidai tana kwance a ƙasa. Yau ita ke ɗaukar jinin yara a asibitin nan.

Ya kasance mai sauko da abu mai wuya har ƙasa. Kemistiri ya fi ƙarfinmu, sunaye kamar ana zagin mutum. Sai ya shigo aji da gawayi, da man kaɗe, da ruwan toka daga murhun Mama Lydia. Ya ce abin da ke cikin gawayin nan shi ne ginshiƙin kitse da sukari da naman jikinku. Muka dafa sabulu a tukunya, ya zana a allo abin da ya faru tsakanin mai da toka. Mama, tukunyarki ba ta dawo ba, mun sani.

Ya kasance ba ya tambayar addinin jini. Mahaifina bai so in yi wannan karatu ba. Malam ya hau keke ya same shi a gona, ya ce, "Baba Maude, matan ruga da na gari ba sa son namiji ya riƙe musu hannu. In babu mace a ɗakin gwaji, a gida za su mutu." Mahaifina ya jingina fartanya ya ce, "Ɗauke ta, amma amana ce." Ya riƙe amanar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana zuciyata sanyi.

Wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Akwai siririn bututun gilashi da ake ɗibar jini da shi. Da baki ake zuƙa, kamar mai shan fura da kara, sai jinin ya hau ya kai zanen awo, ka toshe da yatsa. In numfashi ya kuɓuce maka, jinin majinyaci yana cikin bakinka. Akwai 'yar roba da ake sa wa bututun a kai, a matsa da hannu, baki bai taɓa komai ba. Girmanta bai wuce ƙwan zabo ba. Ita Malam ya yi ta roƙo.

A gabanmu ya roƙi jami'in da ke zuwa duba mu. Ya ce, "Oga, yaran nan 'ya'yan mutane ne. A taimaka mana da robar nan." Aka ce yaƙin basasa ya cinye kaya. Yaƙi ya ƙare, ya sake roƙo. Aka ce, "Mista Philip, ka cika ƙorafi. Ku yi maneji, haka kowa yake yi." A wannan zuwan ne aka sauke sababbin labule na ofis daga mota. Da idonmu muka gani, mu muka taya saukewa.

Da ciwon shawara ya ɓarke a ƙauyuka bara, mutane suka cika barandar can, idanu kamar an shafa musu gangamau. Malam ya tara mu ya ce, "Daga yau duk jinin mai shawara ni zan zuƙa. Wanda na kama da bututu a baki, na kore shi daga ajina." Ibrahima, babban ɗalibinsa, ya ce, "Malam, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya." Ya ce, "Ni na riga na haifi nawa. Kai fa?"

Wata safiya layi ya yi tsawo, wani yaro ya fizge, aka bangaje gwiwar hannun Malam. Jini ya shige masa baki. Ibrahima yana wurin, Rosemary tana wurin, ni ma ina wurin. Ya tofar, ya kurkure, ya dube mu ya ga duk mun daskare, sai ya ce, "Akwai gishiri a jinin mutum. Na tabbatar muku, ba sai kun ɗanɗana ba." Ya koma kan aikinsa.

Kafin kaka idonsa ya canza. Shi da kansa ya kawo fitsarinsa a kwalba ya ce mu girgiza. Kumfa ya tashi rawaya. Ya ce, "Me kuka gani?" Ya kwanta a kan benci, ya ɗage riga, ya kama hannuna ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. "Aminatu, wace ce wannan?" Na ce hanta ce, Malam, ta kumbura. Ya ce, "Madalla. Kowa ya zo ya taɓa, ba kullum za ku samu irin wannan ba." Muka yi layi muna kuka muna taɓawa. Darasinsa na ƙarshe ke nan.

To, ga abin da muka ji bayan an binne shi. Wai ciwon hanta ne, kuma ai an san mutanen nan da burkutu. Wai babu ruwan aiki da mutuwarsa, don haka Mama Lydia ta tattara yara ta bar gidan ma'aikata. Mutumin da ko a bikin girbi ruwan kunu yake sha! Fasto, ka san shi. Liman, maƙwabcinka ne. An hana shi roba yana raye, ya mutu kuma ana so a ƙwace masa suna. Wanda ya faɗi maganar nan yana jina, kuma ya san ban ambaci sunansa ba ne kawai don girman wannan taro.

Solomon, Hannah, ku ɗago kai ku dube ni. Duk wanda ya ce muku giya ta kashe babanku, ƙarya yake yi. Babanku ya sa bakinsa ne inda namu ya kamata ya shiga. Mama Lydia, kada ki ɗaure ko tsinke. In an zo fitar da ke, a bakin ƙofa za a same mu, mu da duk wanda Malam ya taɓa auna jininsa, kuma suna da yawa a ƙasar nan.

Ranka ya daɗe, a kai wa Hakimi wannan saƙo. Baƙinmu na kujerun gaba, ku ma ku tafi da shi. Mu ɗaliban Malam mun yi shawara. Za mu ci gaba da duba fitsari da majina da duk abin da hannu zai iya. Amma daga gobe babu ɗayanmu da zai ƙara sa bututu a baki. In likita ya nemi awon jini, za mu nuna masa hanyar ofishinku.

Mun gode wa duk wanda ya bar gonarsa da shanunsa ya zo. Mun gode wa matan da suka kwana biyu suna girki a gidan makoki. Allah ya ba Malam Philip hutawa. Allah ya raya abin da ya bari, ya zama gatan Mama Lydia. Allah ya tsare bakin kowane ɗalibi da hannunsa. Wanda kuma aka ba amanar rayukan mutane ya yi wasa da ita, ya Allah, kada ka ba shi barci mai daɗi sai ya gyara.

Amin.