Akwatin da Raga Ta Kwaso

A tashar jirgin ruwa ta tsibirin Vis, Dubravka na zaune kan jakar kayan nutsonta. Wani tsohon masunci, wanda ake kira Barba, ya zauna kusa da ita.

"'Yata, ke ma akwatin nan kika zo nema? Wanda aka ɓoye a ƙasan teku, wanda ya gano ya rubuta sunansa a ciki?"

"Sau huɗu na nutsa, Barba. Babu dutsen da ban laluba ba."

"Yana kan teburina. Ragata ta kwaso shi tun watan jiya."

"Kana kallonmu muna wahalar banza?"

"Da kun samu, tafiya za ku yi. Wa zai zauna hira da ni?" Ya kawar da kai. "Zo ki rubuta sunanki kafin jirginki ya tashi."

"A kan tebur? Kowa ma ya iya wannan. Mayar da shi inda yake, kada kuma ka nuna mini wurin."

"Wani jirgin sai jibi fa."

Jirgin ya yi ƙugin tashi. Dubravka ta fito da rigar nutsonta, ta shanya.

"To, ka samu abokiyar hira har jibi."