Kular da Ba Ta Shiga But

A tashar mota na ji wannan, muna zaune cikin mota, tsakanin wani dattijo da wata matashiya da ta rungume kula a cinya.

"'Yata, ki ba direba ya sa a but mana. Kifi ne?"

"Baba, gara ni in shiga but ɗin. Bara zafinsa ya lalata mana aikin shekara."

"Me ke ciki haka?"

"Ka san yadda tsatsa ke cin ƙarfe? Iskar da muke shaƙa ma tana barin wani dafi da ke cin ƙwayoyin jikinmu. Jikin mutum yana da sinadarin da ke kashe dafin. Mu kuma mun dasa wa bakteriya umarnin haɗa shi, tana yi mana a ɗakin gwaji."

"Ƙazantar da ake wanke hannu dominta?"

"Ita fa. Jiya muka zuba dafin a faranti biyu na ƙwayoyin jiki. Na farantin da muka sa wa sinadarinmu suka rayu, sauran suka mutu. Yau zan kai wa wasu masana su tabbatar. Mahaifina da ya ce ƙuruciyata nake ɓatawa, shi ya cika min kular da ƙanƙara."

Dattijon ya matsa, ya nuna mata wurin zamansa.

"Dawo nan, rana tana bugun taga. Autata ma irin wannan karatun ta nace wa, na ce a'a."

"Yanzu fa, Baba?"

"Yanzu ki faɗa min, ƙanƙarar a dunƙule ake sa ta ko a farfashe?"