Rijiyar Gindin Tsamiya

A ɗakin jira na asibiti, wani tela mai hawan jini ya sami wata tsohuwa kusa da shi, ya shiga ba ta tarihin gidansu.

"Iya, mu mutuwar farat ɗaya gadonmu ce. Kakan babana, mai bayi arba'in a gandunsa, lafiyarsa ƙalau, da rana tsaka ya zame ya faɗa rijiya."

"Ta gindin tsamiya, bayan rumbuna?"

Tela ya gyara zama. "Ashe kin san garinmu?"

"Kakata ce ke jan ruwa ranar, baiwarsa ce. Da safe ya sa aka yi wa mijinta bulala a kan damin gero guda. Kafin azahar mijin ya cika."

"Allah sarki. To, ta ga zamewar?"

"Ta ce leƙawa ya yi, ya ga ko ruwa ya ja baya. Sai ta ajiye guga, ta taimaka masa ya gani da kyau."

Tela ya ce, "Amma a gidanmu an ce bayi sun kwana uku suna kuka."

"Sun yi kuka, ɗan nan. Duk gandun rijiyar nan kaɗai ce mai ruwan daɗi, ga shi dole aka cike ta."