Laftof a Cikin Bargo

A tashar Gwarzo, ana jiran motar Kabo ta cika, Badi'a na yi wa laftof fifita da gefen hijabinta.

"'Yata, zazzaɓi take yi?" in ji wani dattijo.

"Zafi, Baba, sai ta mutu. Manhajar Linux ce a kanta, masu gyaran nan sun kasa. Na rage mata gudu, a banza."

"Ikon Allah. Ina kike kunna ta?"

"Cikin bargo, kada a ji ƙarar fankarta."

"Bargo kuma? Ni na rikice. Ki kai wa Zainulabidin na Kabo, yaron ya iya."

Badi'a ta daina fifitar.

"Yayana ne, Baba. Tasa ce. Bai san na ɗauka ba."