Batirin da ya kumbura a ƙarƙashin gadonmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Illiyasu, lebura a unguwar Mahdiya, nan Sabha.

Ɗauke wuta ya ishe mu, sai muka sayi farantin sola na hannu, muka jona shi kai-tsaye da tsohon batirin mota. Don gudun ɓarayi muka tura batirin ƙarƙashin gado. Da muka dawo daga sallar Juma'a, ɗakin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, batirin ya kumbura yana huci. Abokin zamana Sale ya ce, "Kar wanda ya yi ihu, 'yan sanda za su zo, ba mu da takardu!" Na fizge wayar solar daga jikin batirin.

Jama'a, don Allah ku ba mu shawara. Har yanzu yana nan, ba wanda ya iya taɓa shi, kuma a kansa nake kwana.